Masu Gogen da Ke Zaune a Hagu

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe 8:30 na safe

Saƙon da nake jira tun bara ya shigo yau ina tsaka da shan shayi. Kamfanin da nake sayen makaɗa a wurinsu sun sa rangwame na kwana ashirin, daga nan a rufe. Na ajiye kofin, ban sake bi ta kansa ba har ya huce.

In wani ya tsinci littafin nan wata rana ya ga na ce ina sayen makaɗa, kada ya ɗauka cinikin mutane nake yi. Aikina haɗa kiɗan fim da na shirye-shiryen yara a kwamfuta. Kamfanin nan yakan tara ƙwararrun makaɗa a wani katafaren zaure, masu goge manya da ƙanana, masu sarewa, masu ƙaho, masu ganguna, kowa ya buga sauti ɗaya bayan ɗaya a naɗa, a zuba a kundi a sayar wa irinmu. Kowa a inda yake zaune ake naɗarsa. Ƙananan goguna a hagu, manya masu kaurin murya a dama, sarewa a tsakiya, ganguna can baya. In na danna kibod a ɗan ɗakina, mutum arba'in ne ke amsawa. Mijina, Maigilashi, ya ce bai taɓa ganin mace mai ƙarfin hali irina ba, na tara masa ƙarti arba'in a gida shekara shida, ko gaisuwa ba sa yi masa.

Ƙaramin kundi gare ni. Yanzu hanya biyu suka buɗe. Akwai wanda nake kira dami: komai da komai a ɗaure wuri guda, makaɗa casa'in har da mawaƙa, a rabin kuɗi. Akwai kuma tsani: ka cika ɗan bambanci ka hau mataki ɗaya, masu goge kawai su ƙaru, baɗi in da rai ka sake hawa. Dami ya fi araha in an duba gaba, tsani ya fi sauƙi a yau.

Ni dai masu goge nake nema, nawa sun lalace. Tun watan jiya ƙananan suke fitowa a shaƙe, sai ka ce ta bayan ƙofa suke bugawa. Ga Darakta yana jiran kiɗan kashi na tara na shirinmu, labarin bushiyar nan mai gyaran keke, inda ƙawarta ke ƙaura ta bar ta. Wurin kuka ne, kuma ni ban iya sa yaro kuka ba sai da goge.

Kunnena na hagu yana nan da ƙararsa tun murar nan. Ba komai ba ne, zai washe.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe 10 na safe

Dami. Na gama magana.

Talata, ƙarfe 4 na yamma

Tsani.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Na juya bayan tsohuwar kalanda na ja layi a tsakiya, dami a gefe ɗaya, tsani a ɗaya. Sai da na fara rubutu na ga kowanne da ƙugiyar da aka ɓoye masa.

Damin ya fi ƙarfin ma'ajiyar kwamfutata ninki uku, sai na sayo wata. Da intanet ɗin gidan nan kuwa, na lissafa sai ya kwana tara yana sauka, in ba a ɗauke wuta ba. Abin da ya fi ba ni haushi, ƙaramin kundin da nake da shi yana cikin damin, wato in sake sayen ƙartin da na riga na saya. Shi kuma tsani, da zarar ka taka matakin farko an cire ka daga masu rangwamen dami, kuma babu wanda ya yi maka rantsuwa cewa mataki na biyu zai tsaya a farashinsa har baɗi.

Na leƙa dandalin da irinmu ke taruwa a intanet, na tarar ana ta ba hamata iska. 'Yan dami na cewa 'yan tsani matsorata ne, 'yan tsani na cewa 'yan dami haɗama ce ke ɗibarsu. Wani bawan Allah ya rubuta cewa shekara uku da ya sayi dami, har yau bai buɗe rabinsa ba, amma barcinsa ya fi daɗi. Wannan ya burge ni.

Maigilashi ya dawo cin abincin rana ya tsaya a kaina yana karanta kalandar ta saman gilashinsa.

"Shugabar makaɗa, wai duk wannan zanen don gogen da ba ya fita ne?"

"Don shi ne, Yallaɓai."

"To. Ni dai a shagona, in mutum ya zo ya ce gari ya yi masa duhu, ba fitila nake sayar masa ba."

Na ce ya wuce abincinsa na hucewa. Mutum ya yi shekara ashirin da biyar yana auna idanun jama'a, sai ya ɗauka kowace matsala a jikin mutum take.

Juma'a, 8 ga wata, ƙarfe 3 na yamma

Jiya na tura wa Darakta gwajin farko na kashi na tara. Yau ya kira. Yaro ne mai ladabi, ko da yake ya ba arba'in baya, kuma shekara bakwai muna aiki tare bai taɓa ɗaga mini murya ba.

"Anti, kin saurari abin da kika turo kuwa?"

"Ni na haɗa shi, ta yaya ba zan saurara ba?"

"Gogen nan na hagu, wallahi kamar ana kankare tukunya da cokali. Ya danne muryar bushiya gaba ɗaya. Mai haɗa muryoyi cire hedifon ya yi ya ce a ba shi ruwa."

Raina ya ɓaci. Gaskiya na ƙara musu ƙarfi, na ƙara, na sake ƙarawa, amma da ƙyar suka kai inda ya kamata. Na ce masa ya sa a duba sifikokinsu, kuma ya kwantar da hankalinsa, ina shirin sayen babban dami, komai zai gyaru.

"Babban? Wanda ake yin manyan finafinai da shi?"

"Shi fa."

Ya ce, "To, Allah ya sa alheri, Anti." Muryarsa wata iri. Sau biyu na ce ya maimaita, layin ba kyau. Da na mai da wayar kunnen dama sai layin ya gyaru.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe 12 na rana

Na rubuta wa kamfanin wasiƙa mai zafi. Na gaya musu shekara shida ina tare da su, kuma na gane dabararsu: su rage wa tsohon kundi ƙarfi a ɓoye don mutum ya sayi sabo. Na karanta wa Maigilashi kafin in tura, ya ce Turancin ya yi kyau. Ya ci gaba da goge takalminsa.

Lahadi, 10 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Na canza wayar hedifon. Ba ita ba ce.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe 9 na safe

Sun amsa. Ladabinsu har ya yi yawa, irin wanda ke sa mutum ya ji kunya. Sun ce ba su taɓa kundin ba tun shekara huɗu da suka wuce, sun saurari abin da na tura musu, masu gogen hagu sun fi na dama ƙarfi nesa ba kusa ba. Sun ba ni shawara in duba kayan sauraro. A ƙasa kuma suka tuna mini saura kwana goma sha uku rangwame ya ƙare, da ɗan hoton fuska mai murmushi.

Kayan sauraro. To, na ji.

Na koma kan kalanda. Damin yana da wani abu da ke ja na: an naɗe shi da makirfo biyar, na kusa, na nesa, na saman zaure. Sai ka zaɓi inda kake son zama. In na ɗauko na kusa, ai dole masu gogen su fito, ko sun ƙi ko sun so.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe 2 na rana

Shekara ashirin da biyu Maigilashi yana zama ta haguna a teburin cin abinci. Yau na lura kwana uku ke nan ya koma dama. Na tambaye shi, ya ce fanka ce ke damunsa a can. Fankar da ta lalace tun watan jiya.

Ya ba ni labarin wata tsohuwa da ta zo shagonsa da gilashin marigayi mijinta, ta ce a gyara mata shi ya dace da idonta, don ba za ta sa na baƙo ba. Na yi dariya har na ƙware. Duk kalmar da ya faɗa na ji ta ras, abin ya yi mini daɗi, sannan daga baya ya ba ni tsoro.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe 4:30 na yamma

Yaya ta zo. Na san wanda ya kira ta, kuma zai ga aikinsa. Shekara talatin ta yi tana aikin jinya kafin ta yi ritaya, har yau kallon marar lafiya take yi wa kowa.

Ta shigo ɗakin aiki ta tsaya a bakin ƙofa, ina kan kibod. Ashe sau uku ta yi sallama.

"Auta, tun yaushe?"

"Tun yaushe me, Yaya? Zo ki ga abin da nake son saya. Kin ga wannan, har da mawaƙa sittin."

"Ban zo ganin mawaƙa ba. Tun yaushe?"

"Mura ce."

"Murar da ta warke sati biyar da suka wuce? Ke, ni kike so ki yi wa wayo? Ni na yaye ki fa."

Ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Ta ce abin kunne ba a yi masa jira, ta ce ta san likita, ta ce ranar Litinin za ta zo da kanta ta ɗauke ni. Na ce ina da kashi na tara. Ta ce bushiya ba za ta mutu ba. Na kunna mata samfurin sautin damin don in sauya zancen, ta saurara hannu a ƙugu, ta ce, "Yana da daɗi. Litinin, ƙarfe tara."

Abin da ban gaya mata ba shi ne, in likita ya faɗa, ya zama gaskiya ke nan. In ya zama gaskiya, dole in gaya wa Darakta. Wa zai ba mai kunne ɗaya aikin kiɗa? Ban iya wata sana'a ba, kuma ba na son in iya.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe 1:30 na rana

Maigilashi ya shigo da kofin shayi ya ajiye, ina fama da wurin da ƙawar bushiya ke ɗaga mata hannu daga bayan mota.

"Shugaba, in gwada wani abu?"

"In dai ba wa'azi ba ne."

"Ba magana a ciki."

Ya zare hedifon daga kaina a hankali, ya juya shi, na hagu ya koma dama, na dama ya koma hagu, ya mayar mini. Ya danna maɓallin da kansa, abin da bai taɓa yi ba.

Sai ga su. Masu gogena, su goma sha shida, tas, har ƙarar gashin baka a kan tsirkiya ina ji. Sun cika mini kai, sun yi ƙarfi har sai da na runtse ido, yadda Darakta ya faɗa, ko ma fiye. Ba abin da ya same su, tun farko suna nan suna ta bugawa. Manyan gogunan ne yanzu suka koma bayan ƙofa.

Na bar shi ya kai ƙarshe. Na cire hedifon na ajiye a kan kibod, na ce shayin ya yi sukari da yawa. Ya ce gaskiya ne, hannunsa ne ya zarce. Ya ɗauki kofin ya fita ya ja mini ƙofa.

Juma'a, 15 ga wata, ƙarfe 10 na safe

Ban kunna kwamfuta ba.

Juma'a, ƙarfe 5 na yamma

Na wanke labulayen gidan nan kaf, har na ɗakin baƙi da ba wanda ya shiga tun bara.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Na tashi da ƙudurin sayen dami. Ba don kashi na tara ba. So nake in ji komai, mawaƙa sittin ɗin, da ƙahonin, da makirfo biyar ɗin, in zauna a kowace kujera ta zauren nan tun na dama yana aiki. Shi tsani na masu tabbacin baɗi ne.

Na sa shi a kwandon saye na shafin kamfanin, na cike suna da adireshi, saura dannawa ɗaya. Sai idona ya faɗa kan ƙananan rubutun nan da ba na karantawa. Kundin na wanda ya saya ne shi kaɗai. Ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a ba da aro. Wato in abin ya ci gaba, makaɗa casa'in da mawaƙansu za su zauna a cikin ma'ajiya har abada, ba mai jin su.

Na kira Maigilashi na nuna masa. Ya karanta sau biyu.

"In kina so don kina so, danna, ni zan sayo ma'ajiyar da kaina. Amma in sallama kike yi da sana'arki, ba da ni ba."

"Wa ya ce maka sallama nake yi?"

"Labulaye."

Na jefe shi da matashi. Na bar damin a kwando, ban danna ba, ban kuma cire ba.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe 2 na rana

Yaya ta zo tara saura kwata, da jakarta mai kama da ta mai shirin kwana. A asibiti aka sa ni a wani ɗan ɗaki mai bango da soso, girmansa bai fi na wanka ba. Abin dariya, ya fi ɗakin aikina kyawun sauti, har na tambayi mai gwajin inda suka sayi soson. Ta sa mini hedifon, ta ba ni maɓalli, ta ce duk lokacin da na ji ɗan sauti in danna.

Na dama ya tafi lafiya lau. Da aka zo na hagu, na ji na farko, na ji na biyu, daga nan shiru. Amma ai na riga na kama tazarar da take bari tsakanin sauti da sauti, shekara nawa ina ƙirga kiɗa? Sai na ci gaba da dannawa a kan ƙa'ida, ɗaya, biyu, uku, danna.

Ta buɗe ƙofa tana danne dariya.

"Malama, sau huɗu kika danna ban saki komai ba. Me kike yi ne a gida?"

"Kiɗa nake haɗawa."

"Na ga alama. To yanzu zan riƙa rikita lokacin, mu gani."

Ta rikita. Ban sake dannawa ba sai jefi-jefi.

Likita ya nuna mini takardar, layi biyu. Na dama a miƙe, na hagu ya fara daidai sannan ya gangara ta wajen siraran sautuka, daidai inda ƙananan goguna ke zama. Ya tambayi tun yaushe, na faɗa, ya dubi Yaya, Yaya ta dubi silin. Ya ce gobe a ɗauki hoton kai, Alhamis mu dawo. Ya rubuta magani.

A hanya Yaya ta ba direban tasi labarin yadda na yi satar amsa a gwajin kunne, suka yi ta dariya, ni ma na taya su.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Na'urar ɗaukar hoton tana da kiɗa, bugu uku-uku, sai dai makaɗinta ba ya gajiya.

Da na dawo na kunna kwamfuta. Na tattaro kowa da kowa, na hagu da na dama, na zuba su a tsakiya, sifika ɗaya, na juya mata kunnen dama. Na mai da masu goge inda suke tun asali. Inda kunne ya gaza na bi da ido, ina kallon korayen sandunan nan masu nuna ƙarfin sauti. Aikin awa biyu ya ci mini biyar, amma bushiya ta yi kuka yadda nake so. Na tura wa Darakta ba tare da wani bayani ba.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe 12 na rana

Na rubuta wa kamfanin na ba su haƙuri. Layi biyu. Turancin bai kai na wancan kyau ba.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe 3 na yamma

Hoton lafiya. Babu abin tsoro a cikin kai, Yaya har da rawa a bakin ofishin likita, mace mai jika biyar. Na dama kuma ya ce garau yake, ba dalilin da zai sa ya bi sahu.

Sauran maganar da ya yi, ba yau ba.

Maigilashi ya rufe shago da wuri ya sayo mini lemo mai ɓawo cike da leda, ya zauna yana ɓare mini ɗaya bayan ɗaya kamar wadda ta karye a hannu. Na sha shida.

Juma'a, 22 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Na je ofishin Darakta da ƙafata. Na ƙi yarda kowa ya raka ni. Tun a tasi nake bitar abin da zan faɗa, na shirya shi tsaf, har da sunan wani da zai iya karɓar aikin a bayana.

Ya tashi ya ba ni kujera, ya sa aka kawo ruwa, ya koma ya zauna yana juya biro. Fuskarsa kamar wanda aka aiko wa da sammaci.

"Darakta, magana na zo mu yi."

"Na sani, Anti. Tun ranar da kika ce za ki sayi babban dami na sha jinin jikina. Ba wanda ke sayen wannan don bushiya. Manya sun kira ki, ko? Ba zan hana ki ba. Amma don Allah ki ƙarasa mana zangon nan, saura kashi huɗu."

Na saki baki ina kallonsa. Duk bitar da na yi ta watse. Sai kawai na gaya masa, ba ado, ba kwana-kwana: kunnen, da hedifon da aka juya, da layin da ya gangara, da abin da likita ya ce jiya. Shi ne mutum na farko da na faɗa wa da bakina.

Ya ajiye biron.

"Wanda kika turo ranar Talata, da wane kunnen kika yi shi?"

"Da ɗaya. A sifika ɗaya."

"Matar da ke yin muryar bushiya sai da muka tsaya mata sau biyu, kuka ya hana ta karatu." Ya jawo wayarsa ya ɗaga mini. "Anti, yaran da ke kallonmu a me suke ji? A irin wannan, ko a tsohuwar talabijin ta falo, ana suya a kicin. Hagu da dama ai ni da mai haɗa muryoyi kaɗai muke jin su. Ki riƙa turowa a tsakiya, shi ya baza su, aikinsa ne, dama yana ƙorafin ba ki bar masa komai."

"In na sake kankare tukunya fa?"

"Zan kira ki in faɗa miki, kamar yadda na yi. Wato ba tafiya za ki yi ba?"

"Ina zan je?"

Ya kifa kai a kan tebur yana dariya, ya ce sati biyu bai ci abinci da daɗi ba. Ni ma dariyar nake yi, sai da na ga yana miƙo mini hankici na gane ba ita kaɗai ba ce.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe 9 na safe

Na cire dami daga kwando. Na hau tsani, mataki ɗaya, masu goge kawai. Ba wai ina bukatarsu ba, tunda tsofaffin ba su yi laifin komai ba, amma bayan sharrin da na yi wa kamfanin nan ya kamata su ga wani abu. Saƙon ya ce in ina son mataki na biyu, masu sarewa da ƙaho, sai baɗi war haka. Na ce su ajiye mini.

Lahadi, 24 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Yana sauka. Kashi sittin da ɗaya cikin ɗari. Kada wanda ya taɓa intanet ɗin gidan nan.

Litinin, 25 ga wata, ƙarfe 10 na safe

Sun iso. Mutum talatin sababbi fil. Na tare Maigilashi zai fita shago, na zaunar da shi, na buga masa wurin bankwanan bushiya da tsofaffin, sannan da sababbin. Ya rufe ido, ya gyaɗa kai kamar masani.

"Yaya ka ji?"

"Tsakani da Allah, Shugaba?"

"Tsakani da Allah."

"Duk ɗaya ne."

Na kore shi. Da ya fita na sake saurara, ni kaɗai. Ba ɗaya ba ne, sababbin sun fi laushi wajen sauka, akwai ɗan numfashin da suke ja kafin su shiga. Na ji shi sarai, ba wanda ya nuna mini.

Saura abin da na ƙi rubutawa ranar Alhamis. Kunnena na hagu ya tafi. Likita ya ce ba zai dawo ba, kuma da na zo a satin farko wataƙila da an ceto wani abu. Wannan na biyun ya fi ciwo, don sati biyar na yi ina zagin masu goge. Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba.

Darakta yana son kashi na goma ranar Alhamis. Na ce masa Laraba.